Tumbin da ake wa kirari da "Legas ta karɓe ka"

Wa alaikumus salam. Ƙanena da ka tambaya ko ƙiba cuta ce, tunda likita ya ce ka rage nauyi alhali ba ka jin ciwon komai, ni ma haka na taɓa faɗa.

Shekara 19 ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Siriri na zo garin nan. Da tumbi ya fara fitowa, in na je gida sallah sai a ce "Alhaji, Legas ta karɓe ka", ni kuma raina ya yi fari. Ga yadda nake wuni: zama a rumfa tun asuba, in mun maƙale a cunkoson titin Ikorodu a sayi Gala da lemo mai sanyi, da dare kuma wajen mai shayi, Indomie biyu da ƙwai, shayi mai kauri da burodin Agege. Sai kwanciya. Na kai kilo 108 kafin ciwon ƙeya da yawan fitsarin dare su kai ni asibiti. Hawan jini da ciwon suga, duka biyun.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne da nas ta ce kwalbar lemo ta roba guda tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 12, kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a wuni. Ni uku nake sha. Hukumar ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma a nan Najeriya har harajin naira 10 aka sa wa kowace litar lemon zaƙi. To matsalar ta wuce gidana da naka.

Ina roƙon 'yan'uwa mata ma, ku daina ba amare ƙwayoyin "sha ka fashe". Suna kumbura jiki, suna tayar da suga da jini.

Kai kuma, je ka auna jini da suga a makon nan. Ɗauki tef ɗin tela ka auna cikinka daidai cibiya. In ya wuce rabin tsayinka, akwai aiki. Ni da barin lemo na fara, na koma ruwa, na rage tuwon dare, ina takawa minti 30 bayan asuba. Yanzu ina kilo 91, amma maganin hawan jini har yau ina shan sa kullum.