Yayana yana da shekara 37 aka gano masa kansar hanji, ashe tana kama matasa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Tudun Wada, Zariya, shekarata 31. Yayana da muke uwa ɗaya uba ɗaya ya fi shekara yana ganin jini a bayan gida, ana ta ba shi maganin basir. Da aka je asibiti sai aka ce ciwon daji ne a dubura. Shekararsa 37, ba ya shan taba, ba ya shan giya. Me ke kawo wannan ga matashi? Ni ma ina cikin haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba yayanka lafiya. Lallai kansar babban hanji da dubura tana kama 'yan ƙasa da shekara 50, kuma tun cikin shekarun 1990 take ƙaruwa a tsakaninsu a ƙasashe da dama. Shi ya sa a 2021 Amurka ta sauke shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

Galibi cutar tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, ba ciwo, ba alama. Yakan ɗauki kusan shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama daji. Idan ta bayyana a 37, ko dai tsiron ya fito tun mutum yana saurayi, ko akwai abin da ya hanzarta shi.

Na farko shi ne gado, kuma nan ne ya fi shafar ka. Kusan mutum 1 cikin 6 na matasan da suka kamu suna ɗauke da wata tawaya a ƙwayoyin halittar da suka gada. Mafi yawa ita ce larurar Lynch, inda ƙwayoyin da ke gyara kurakurai yayin da jiki ke sabunta kansa ba sa aiki, sai tsiro ya zama daji cikin 'yan shekaru kaɗan. Uba ko uwa mai ita, kowane ɗa nasa yana tsakanin gada da tsira, rabi da rabi. Ka tambayi manya a gida ko an taɓa samun mai kansar hanji, ta tumbi, ko ta mahaifa, kuma yana da shekara nawa. Akwai kuma wata da ake kira FAP, mai fito da ɗaruruwan tsiro tun ana samartaka.

Na biyu ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanji. Wani nau'in E. coli yana fitar da guba mai suna kolibaktin da ke lalata ƙwayoyin halitta. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2025, kan marasa lafiya 981 daga ƙasashe 11, ya sami tabon wannan guba sau 3.3 a 'yan ƙasa da 40 fiye da waɗanda suka haura 70.

Sai yanayin rayuwa. Teɓa da zama wuri ɗaya suna ɗaga sinadarin insulin da kumburin cikin jiki, su kuwa suna zuga tsiro ya girma. Lemon kwalba kullum na cikin layin. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa: giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin 100. Naman gwangwani da busasshen nama mai gishiri irin kilishi suna cikin wannan rukuni. Tsire da balangu kuwa, ƙonannen gefen da kitse ya ɗiga a garwashi ya turara shi ne abin gudu. Jan nama kada ya wuce rabin kilo dafaffe a mako. A koma ga wake, dawa da geron da ba a surfe dusarsu duka ba, zogale, rama da kuɓewa, a yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako. Amma kada kowa ya ɗora wa yayanka laifi, mutane da yawa sun kamu ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne kalmar basir. Basir gaskiya ne, yana zubar da jini, amma ba a tantance shi da baki ko a wurin mai tallar magani a tasha. Kansar matasa ta fi zama a dubura da ƙarshen hanji, wani lokaci likita da yatsa kawai zai taɓo ta. Jini ko majina a bayan gida, yunƙuri ba ya ƙarewa, gudawa ko taurin ciki da ya wuce mako 3, rama, ƙarancin jini ga namiji, duk suna bukatar a duba ciki.

Kai kuma, ƙa'ida ita ce ɗan'uwa na jini ya fara gwajin kolonoskofi, wato leƙa cikin babban hanji da kyamara, a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano wa ɗan'uwansa, duk wanda ya riga zuwa. A lissafinka 27 ke nan, ka ga lokaci ya wuce. Ka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ka nemi ganin likitan hanji ko na tiyata, ko da lafiyarka ƙalau. Gwajin bayan gida kaɗai bai ishe ka ba. A kolonoskofi za a zura siririn bututu mai kyamara, in an ga tsiro a cire shi nan take. Ana gobe gwaji ruwa-ruwa marar kauri kawai za ka sha, ban da zoɓo don yana kama da jini, kuma ka shanye maganin wanke ciki duka, domin hanjin da bai wanku ba yana ɓoye tsiro. In ba a ga komai ba, sai bayan shekara 5. Ka kuma roƙi likitan yayanka ya duba alamar Lynch a naman da aka ciro, don in ta tabbata, duk wanda aka samu yana ɗauke da ita a cikinku, kai da sauran 'yan'uwa maza da mata, gwajinsa zai koma duk shekara 1 zuwa 2.