Turancin kwalin magani: waɗanne kalmomi zan fara koyo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da mahaifiyata mai hawan jini, ga kuma yarana biyu. Na yi sakandare, ina karanta Turanci daidai gwargwado, amma takardar likita da kwalin magani suna ɗaure mini kai. Me zan koya don in daina dogaro da bakin mai kemis kaɗai? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, rabin abin da ke ɗaure miki kai ba Turanci ba ne ma, gajerun kalmomin Latin ne da likitoci suka gada. Ba ƙamus za ki haddace ba. Kalmomin da kuskurensu ke jawo matsala ba su da yawa.

Ɗauki layi ɗaya irin wanda ake rubutawa kullum a asibiti: "Caps Amoxicillin 500mg tds x 5/7". Caps kafso ne, da ƙwaya ce da an rubuta Tabs. 500mg ƙarfin kowane kafso ɗaya. Tds sau uku a rana, 5/7 kuwa kwana biyar, domin 7 ɗin kwanakin mako ne. Haka 2/52 mako biyu, 3/12 wata uku. Kin ga kafso 15 ke nan. Ki ƙirga su kafin ki bar kanta.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tds ɗin. Mutane na ɗaukarsa karin kumallo, abincin rana da tuwon dare, sai a bar jiki awa goma sha biyu ko fiye babu magani. Ga maganin kashe ƙwayoyin cuta, abin da ake so shi ne duk awa 8: shida na safe, biyu na rana, goma na dare. Bd sau biyu ne, duk awa 12. Qds sau huɗu. Od sau ɗaya. Nocte lokacin kwanciya, stat a sha nan take sau ɗaya tak. Prn na nufin sai in buƙata ta taso, amma yana da iyaka: farasitamol na babba kada ya wuce ƙwaya 8 ta 500mg a awa 24, in an wuce hanta ce ke kwana a ciki.

Saboda yaran, ki zauna ki fahimci bambancin mg da ml. Mg nauyin maganin ne, ml yawan ruwan da yake ciki. In kwalba ta ce 120mg/5ml, likita kuma ya rubuta 240mg, to 10ml za ki auna. Teaspoonful 5ml ne, tablespoonful 15ml, ninki uku ke nan, kuma kalmomin sun yi kama a ido. Cokalin gida ba ma'auni ba ne, wani kwano ne wani faranti. Ki yi amfani da ɗan kofin da ke kan murfi ko sirinji mara allura. Maganin gari da ake haɗawa da ruwa za ki ga reconstitute a jikinsa: ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba zuwa layin da aka ja. Galibi kwana 7 ne iyakarsa bayan haɗawa, komai nisan ranar Exp, wato ranar lalacewar maganin da aka rubuta a kwali.

Galibi magani suna biyu gare shi. Manyan haruffa sunan da kamfani ya sa masa ne, na ainihin yana ƙasa cikin ƙananan haruffa, wani lokaci bayan "Each tablet contains". Panadol farasitamol ne, haka da yawa daga cikin magungunan mura suna ɗauke da shi. Wanda bai karanta ƙaramin rubutun ba yakan sha abu ɗaya sau biyu yana zaton iri biyu ne.

Batun Mama kuma: in kin ga SR, MR ko Retard a bayan suna, kamar Nifedipine Retard, an yi shi ne ya riƙa narkewa sannu a hankali. Daka shi ko tauna shi zai saki ƙarfin gaba ɗaya, jini ya faɗi, jiri ya kwashe ta. Abin da "Do not crush or chew" ke faɗa ke nan. A takardar cikin kwali ki nemi Contraindications, wato waɗanda bai kamata su sha ba, da Precautions, wato abubuwan da za a kiyaye, ki duba ko akwai hypertension, sunan hawan jini. Ibuprofen da diclofenac na ciwon gwiwa, da pseudoephedrine na toshewar hanci, duk suna iya ɗaga jini.

Ba kowane abu mai kama da ƙwaya ake haɗiya ba. Suppository ta dubura ake sa shi, pessary ta gaban mace, "For external use only" na shafawa ne kawai. Empty stomach awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa. Drowsiness gyangyaɗi. "Store below 30°C" kuwa, a zafin Afrilu na Gusau, yana nufin ban da madafa, bakin taga da cikin mota.

Hanyar koyo: ki samu ƙaramin littafi, duk maganin da ya shigo gida ki rubuta sunansa na ainihi, ƙarfinsa, sau nawa, kwana nawa. A kemis ki maimaita da bakinki: "Ƙwaya ɗaya, safe da dare, kwana biyar, haka ne?" Ki duba lambar NAFDAC a kwali. Sannan ki riƙe allergy (jiki ya ƙi magani), rash (ƙuraje) da swelling (kumburi): in ƙuraje suka feso bayan shan magani, ko leɓe da fuska suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a dakatar da shi a tafi asibiti da kwalin a hannu.