Ka je ka tura hannu cikin damin tukuna

Ɗana, saƙonka ya iso. Sai da na yi murmushi da na ji wai mutumin da ka sayar wa harawa ya dawo bayan kwana 6 yana cewa ta yi fumfuna, kai kuma kana tambaya ko a al'ada ana mayar da kuɗi bayan ciniki ya faɗa. Amma murmushin bai daɗe ba, don ban ji inda ka ce ka je ka ga harawar ba.

Ina ɗan saurayi, wata shekara ruwa ya yi mana bazata bayan mun shanya harawar wake. Kakanka ya ce in bar ta ta ƙara shan rana kwana biyu, a riƙa juya ta. Ni kuwa na taɓa sama na ji ƙamas, na ɗaure da sassafe, raɓa ma ba ta gama ɗagawa ba. Wani dattijo mai doki ya saye ta. Mako bai cika ba sai ga shi a ƙofar gida, ya ce dokinsa na tari, yana ture ta da hanci. Na hau rantsuwa. Kakanka bai tanka ba, takalminsa kawai ya sa ya ce in biyo shi.

Da muka isa, ya kwance igiya, ya kama hannuna ya cusa a tsakiyar damin. Ɗana, har yau ina jin zafin nan, kamar jikin mai zazzaɓi. Ganyen ya yi baƙi ya manne da juna, farar ƙura ta tashi ta shaƙe mu, ga warin ruɓa. Waje kuwa shar, babu mai cewa da aibi. Haka ciyawa take in an ɗaure ta da danshi: daga ciki take dahuwa, in tarin ya yi yawa har wuta takan kama da kanta. A kaina na kwaso damunan nan, na kai masa wasu busassu. A hanya kakanka ya ce, "Dabba ba ta da bakin kai ƙara, mai ita ne bakinta. In ya zo, ka saurare shi." Dattijon nan bai sake sayen harawa wurin kowa ba sai mu, har ya rasu.

Ba na ce duk mai ƙorafi ke da gaskiya ba. Wani zai jibge ta a ƙasa, gara ta ci, ruwa ya doke ta, sannan ya ɗora maka. Wani rana ce kawai ta koɗar da bayan damin, ciki kore ne mai ƙamshi. Wani kuma ya ga karan ya fi ganye yawa, ka faɗa masa, ya saya da araha. Shi ne iyayenmu ke cewa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To amma ta yaya za ka bambance waɗannan kana zaune? Abin da ke damuna da ku ke nan, yaran yanzu: a turo hoto a waya, a yi ta musu, ƙarshe a daina ɗaga kira. Hoto ba ya wari, ba ya zafi.

Gobe da safe ka je. Ka duba inda ya ajiye ta, ka kwance dami uku daga wurare daban. Sannan ka gaya mini gaskiya, kwana nawa ta yi a shanya kafin ka ɗaure? Ka gaida mahaifiyarka.