Ga 'yar'uwar da gabanta ke faɗuwa babu dalili

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce zuciyarki kan kama bugawa haka kawai, numfashi ya sarƙe, ki ji kamar ajali ne ya zo, an yi gwaji kuma an ce lafiyarki lau. Wallahi kamar labarina kike bayarwa.

Nawa ya fara ne wata 4 bayan rasuwar mahaifinmu. Ina cikin kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna ina taya atamfa, sai ƙirjina ya ɗaure, gumi ya jiƙa hijabina sharkaf, yatsuna kamar ana soka musu allura. Na zube a kan bencin mai shago ina ta kalmar shahada. Kafin a samo keke napep abin ya lafa. A gida wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Na kusa shekara ban sake taka kasuwa ba, har gidan biki na daina zuwa don tsoron kada ya kama ni cikin mutane. Wannan gudun shi ya fi cutar da ni.

Sai da na je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa na san sunan abin: ciwon firgici. Na san mutanenmu da jin Barnawa sai su ce mahaukata, ni ma da ƙyar ƙafata ta shiga. Likitan ya ce jiki ne ke kaɗa gangar haɗari alhali babu haɗarin, sai sinadarin adirenalin, mai sa zuciya bugawa da sauri, ya kwararo cikin jini. Saurin numfashi kuma shi ke kawo jiri da sukar yatsu. Firgicin yakan kai ƙololuwa cikin minti 10, sannan ya sauka da kansa, kuma shi kansa firgicin ba ya kisa. Damuwa mai tsawo, rashin makusanci, tashin hankalin da mutum ya gani da idonsa, gado, rashin barci, duk suna jawo shi. Goro da kofi da lemon ƙara kuzari suna tunzura shi. Ni goro na bari.

Ki tambaya ko gwajin da aka yi miki ya haɗa da na zuciya, da sukari, da na tayirod (wani halittaccen abu ne a wuya, wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo), domin matsalarsu kan yi kama da wannan. Idan duk lafiya, maganin kashi biyu ne: zama da masanin halayyar ɗan'adam ya koya miki daina tsoron alamomin, da kuma ƙwayar da likita zai rubuta, wadda kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ki ga aikinta. Don Allah kada ki sayi diyazefam, ƙwayar kwantar da hankali da sa barci, a kemis, jiki na saurin sabawa da shi.

In ya taso miki, kada ki ruga. Ki zauna, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, kina hasbunallahu. Azkar ɗina ban taɓa bari ba, na haɗa su da magani ne. Yanzu ni kaɗai nake shiga kasuwa.

Ranar da za ki je asibiti, ki riƙe takardun gwajinki, ki kuma rubuta lokutan da abin ke zo miki, domin likita zai tambaya.