Mun Kai Kuka, Hukuma Ta Yi Shiru: Wa Za Mu Kama?

Tambaya: Malam, a kakar bara shanu sun shiga gonar dawa a ƙauyenmu, aka yi faɗa har aka sari makiyayi. Mun san za a dawo ramuwa, sau biyu muna kai kuka wurin hukuma, ba wanda ya leƙo. Daren da aka zo mun yi asarar rayuka, washegari samarinmu suka ƙone wata ruga da ba ruwanta. Wa ke da alhakin kare mu, kuma za mu iya kai gwamnati kotu?

Amsa: Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, na gari da na ruga. Alhakin yana wuyan gwamnati. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babbar manufar gwamnati. Sai dai yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta aiki da shi. Ƙofar da ke buɗe muku ita ce sashe na 33, mai kare haƙƙin rayuwa, da Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar da ita dokar gida a 1983.

An taɓa bin wannan hanya. Bayan kashe-kashen Agatu a Binuwai a 2016, wasu 'yan jihar sun kai ƙara kotun ECOWAS da ke Abuja. A 2019 kotun ta samu Najeriya da gazawa wajen kare mutanen, ta umarce ta da ta yi bincike. Ba jami'an gwamnati ne suka yi kisan ba, amma sakaci ma laifi ne.

Za ku ji gwamna yana cewa 'yan sanda ba nasa ba ne. Da gaskiyarsa ta wani gefen, domin sashe na 214 rundunar 'yan sanda guda ɗaya ya yarda da ita, ta tarayya. Amma ni ban karɓi wannan uzuri ba, saboda wannan faɗa a kan ƙasa yake tashi, kuma dokar mallakar ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa ƙasar jiha. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Je ka duba burtalin garinku yau. Wanda da garke ke wucewa a sake, an cinye shi kunya bayan kunya har ya zama 'yar siririyar hanya, saniya na tafe tana miƙa wuya ta fizgi zangarniya. Wa ya raba filin? Wa ya bari aka kewaye mashaya da lambu? Ga kuma manomin da aka cinye wa amfanin shekara, ya yi ta zirga-zirga ba diyya, har ya fid da rai ya ɗauki adda. Duk aikin jiha da ƙaramar hukuma ne.

A Nijar, bayan kisan Toda a yankin Maradi a 1991, inda aka hallaka sama da mutum 100, akasari mata da yaran Fulani, an kafa dokar karkara a 1993. Yanzu hukuma ce ke sanar da ranar sakin gonaki ga dabbobi bayan girbi. Rikici bai ƙare ba, amma kowa ya san ranar da haƙƙinsa ke farawa.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne hujja. Kotu za ta tambaya ko hukuma ta san da barazanar, kuma kukan baka ba ya barin sawu. Ku rubuta takarda da kwanan wata, dagaci da arɗo su sa hannu tare, a kai wa DPO da shugaban ƙaramar hukuma da hakimi, a buga muku hatimi a kwafinku. Kan abin da ya riga ya faru, ku tattara sunayen mamata da shaidun da suka raka ku kai kuka, ku nemi lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ku sa mutanen rugar nan cikin ƙarar, domin su ma hukuma ba ta kare su ba, kuma samarin da suka cinna wutar dole su amsa a gaban alƙali.