Na Iya Hira da Harshen Indonesiya, Amma Malamina Ya Ce Rubutuna Bai Kai Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Katsina, ina digiri na biyu a wata jami'a a Yogyakarta da tallafin KNB da gwamnatin Indonesiya ke bai wa ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Na gama ajin koyon harshe, ina ciniki a kasuwa, ina hira da abokai lafiya lau. Amma babin farko na kundina ya dawo daga hannun malamin da ke duba ni jajur da biro, ya rubuta a sama: "bahasanya belum baku". Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. Kada gwiwarka ta yi sanyi. Abin da malamin ke nufi shi ne harshenka bai zama daidaitacce ba tukuna, kuma wannan jan biro ba baƙi kaɗai yake samu ba. Dokar ilimi mai zurfi ta Indonesiya, mai lamba 12 ta 2012, ta wajabta wa ɗaliban digiri na farko da na difloma darussa huɗu: addini, Pancasila (ginshiƙai biyar na aƙidar ƙasar), tarbiyyar ɗan ƙasa, da harshen Indonesiya. Wato yaron da aka haifa a Jakarta ma sai an zaunar da shi an koya masa rubutu, domin abin da yake faɗa a titi daban, abin da ake so a kundi daban. A baki ana cewa nggak, udah, bikin. A takarda kuwa sai tidak, sudah, membuat.

Inda na fi so ka sa ƙarfinka shi ne ɗafe-ɗafen aikatau. Harshen hira yakan yar da su, shi ya sa mai koyo da kunne ba ya jin nauyinsu. Abokinka zai ce "saya tulis", ko ma "nulis", amma a rubutu dole ɗafin meN- ya dawo, kuma yana haɗiye baƙin farko idan k, p, t ko s ne: tulis ya koma menulis, pakai ya koma memakai, kirim ya koma mengirim. Sai kuma di, wanda ke kayar da 'yan ƙasa kansu. Idan wuri yake nunawa, a ware shi: di kampus. Idan aiki ne da aka yi wa abu, a manne shi: ditulis, diteliti. Ka ɗauki babinka yau, ka sa kwamfuta ta nemo maka kowane di, ka tambayi kanka: wuri ne ko aiki? Wannan kaɗai zai rage jan biron sosai.

Na biyu, jimla mai rasa mai aiki. Zan iya cewa akwai irin wannan a shafinka na farko: "Dalam penelitian ini membahas..." Kalmar dalam, wato "a cikin", ta mayar da binciken wuri, sai aikin ya tsaya babu mai yin sa. Ko dai ka ce "Penelitian ini membahas...", ko ka ce "Dalam penelitian ini dibahas...". Malaman can suna kiran abin da suke nema kalimat efektif, jimla mai kai da ƙafa, ba maimaici. Don haka ba a haɗa agar da supaya, ko adalah da merupakan, kuma ba a buɗe jimla da sehingga ko sedangkan. Kalmar saya ma yawancin sassa ba sa son ta a jikin kundi; a ce penulis ko peneliti, ko a juya jimlar: "Data dikumpulkan melalui wawancara."

A nan Bahaushe yana da riba, yana kuma da tarko. Larabci ya shiga harsunanmu biyu, shi ya sa ilmu, masalah, makalah da kitab ba za su ba ka wahala ba. Amma kalimat a wurinsu jimla ce, ba kalma ba. Kalma ita ce kata. Daftar kuma jeri ne, ba daftarin da muka sani ba, don haka daftar pustaka shi ne jerin manazarta.

Batun ƙa'idar rubutu ba ya buƙatar dogon bayani, buɗe littafi ne kawai. Hukumar harshe ta ƙasar, Badan Bahasa, ta fitar da bugu na biyar na EYD, littafin ƙa'idojin rubutunsu, a 2022, wanda ya maye gurbin na 2015 mai suna PUEBI, don haka ka kula da tsofaffin littattafai. Ƙamusunsu KBBI yana intanet kyauta, shi zai gaya maka analisis ne ba analisa ba, praktik ba praktek ba, risiko ba resiko ba, mengubah ba merubah ba. Kada ka dogara da allunan bakin titi, kurakuran suna nan birjik.

Abin da nake roƙonka ka daina, in kana yi, shi ne rubutawa da Turanci sannan na'ura ta fassara. Malami na gane shi daga layi biyu, musamman yawan "di mana" a tsakiyar jimla. Maimakon haka ka nemi littafin pedoman, wato jagorar rubuta kundi, na tsangayarku, sannan ka je ɗakin karatu ka ɗauki tesis (kundin digiri na biyu) uku da malaminka ya duba. Ka kwafe da hannu yadda suka buɗe latar belakang (shimfiɗar bincike), yadda suka tsara rumusan masalah (tambayoyin bincike), da kalmomin da suke ɗinke sakin layi da su, irin su namun, oleh karena itu, selain itu. Tsarin jimlar za ka ɗauka, ba ra'ayin mai ita ba.

Ran da za ka koma bimbingan, wato zama da malamin da ke duba ka, kada ka kai babin gaba ɗaya. Ka gyara shafi biyu da kyau, ka sa wani abokin ajinku ɗan ƙasa ya karanta maka su da ƙarfi ka ji inda ya yi tuntuɓe, sannan ka miƙa wa malamin, ka ce: "Pak, mohon arahannya," wato "Malam, ina neman jagorarka." Idan mace ce, Bu za ka ce.