Harshen da ba a rubuta ba, ta yaya aka san kalmominsa?

Tambaya: Malam, an ce mana a aji wai masana sun san yadda kakannin Turawa da Indiyawa suke kiran shekara da tsawon rai, alhali mutanen ba su bar rubutu ba. Anya ba shaci-faɗi ba ne? (Wata ɗaliba)

Amsa: 'Yata, na ji daɗin wannan shakka taki. Mafi yawan masana suna ganin mutanen makiyaya ne da suka zauna arewa da Bahar Aswad, tsakanin 4500 zuwa 2500 kafin haihuwar Annabi Isa. Harshensu ya shuɗe, amma ya bar 'ya'ya: Sanskirit (tsohon harshen Indiya), Girkanci, Latin, Farisanci da sauransu. A 1786 William Jones, wani alƙali ɗan Birtaniya masanin harsuna, ya faɗa a Kalkata cewa ukun farko tushensu ɗaya. Daga baya aka shiga jera kalmomi ana bin sawun yadda sauti ke sauyawa bisa ƙa'ida. Duk kalmar da aka samo ta haka sai a sa mata tauraro a gaba, alamar ba a gan ta a rubuce ba.

Ɗauki *wet-, shekara. A Girkanci ta zama etos, shekara. A Latin vetus, tsoho. A Sanskirit vatsa, ɗan maraƙi, wato ɗan shekara guda. Makiyayi a jikin dabbarsa yake lissafin shekara.

Wadda ta fi taɓa min zuciya ita ce *h₂oyu, ƙarfin rai da kwanakin da mutum zai yi a duniya. Ita ce ayus ta Sanskirit, wadda ke cikin sunan likitancin Ayurveda. Ita ce aion ta Girkanci: a tsofaffin waƙoƙinsu rai ne da ke barin mamaci, a bakin Aflatun, masanin falsafar Girka, kuwa ta koma dawwama. Latin ta samu aeternus, madawwami, da iuvenis, saurayi, duk daga nan. Masanin harsuna Émile Benveniste ya warware alaƙar saurayi da wannan kalma a 1937: saurayi shi ne wanda ƙarfin nan ya cika masa jiki.

Batun shaci-faɗi kuwa, dubi h₂ ɗin nan. A 1879 masanin harsuna Ferdinand de Saussure ya ce lallai akwai sautukan da suka ɓace, irin wanda h₂ ke wakilta, ba tare da ya gan su a wani harshe ba. A 1915 aka iya karanta allunan Hittiyawa, wata tsohuwar al'umma mai harshen wannan dangi, da aka tono a Turkiyya, a 1927 kuma wani masani, Jerzy Kuryłowicz, ya nuna sautin h₂ a rubuce cikinsu, a wuraren da aka ce zai kasance.